Ƴar Ƙofar Iska: Ta'aziyyar Wana Bakanike

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya ɗaga sammai ba da ginshiƙi ba, ya sanya wa iska nauyi alhali ido ba ya ganinta, ya ƙididdige wa kowane rai numfashinsa tun bai shaƙi na farko ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wana ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa da ke bayan garajinsa a nan Arlit, bayan doguwar jinyar ƙirji. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, shekara shida ya ba ni, ni ne kuma na sallace shi, domin ni ke jan salla a masallacin unguwarmu. Ban ɗauki alƙalami don in jera shekarunsa ba, wannan ƴaƴansa sun fi ni riƙewa. Na ɗauka ne don akwai wani haƙƙi nasa a wuyana da ban sani ba sai bayan an rufe shi da ƙasa, ina kuwa tsoron in bi shi ban faɗa ba.

Matarsa ba ta yi kuka ba a ranar farko. Ta sauko da shuɗiyar rigarsa ta aiki daga ƙusar da take rataye, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, tana ce wa matan da suka kewaye ta, "Jiya ma sai da ya tambaye ni ko an share rumfar garaji." Maƙwabcinsa na sana'a, mai walda, Kirista ne ɗan Maraɗi. Ya tsaya bayan sahu da hularsa a hannu har muka idar, sa'an nan ya riga kowa isa maƙabarta da jarkokin ruwan kwaɓa ƙasa a amalanke. Da na yi masa godiya ya ce, "Liman, kada ka ba ni kunya. Shekara ashirin shayinmu ɗaya." Direbobin hanyar Asamaka suka jera manyan motocinsu a bakin titi suka kashe injin, babu wanda ya yi lodi sai bayan la'asar. Waɗansu masu haƙar zinariya a Cibarakaten, da labari ya riske su a tasha, suka sauke kayansu suka fasa tafiyar ranar.

Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne surukina, mijin babbar ƴata, direba, mutumin Abzin. Ya ja rawaninsa har ƙarƙashin idanu, ya zauna can ƙarshen tabarma, kwana biyu bai sa komai a baki ba ban da ruwa, kafaɗunsa suna rawa. Ƴaƴan mamacin na cikinsa ba su yi haka ba. Na je na tsaya a kansa na ce, "Haƙuri ake yi. Ido ya zubar da hawaye babu laifi, amma kada a wuce iyaka." Ya ɗago ya yi mini wani kallo da ban gane ba, ya ce, "To, Baba." Sai ranar sadakar uku na gane kallon nan, zan kuwa zo kansa.

Mu mutanen Damagaram ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya dube mu tun muna ƙanana ya raba mu: ni ya miƙa ni ga littafi, shi ya miƙa shi ga ƙarfe. Da aka fara ɗaukar ma'aikata a garuruwan uraniyom, wana ya hau mota ya yo arewa, aka sa shi cikin masu kula da manyan fankokin da ke tura iska ƙarƙashin ƙasa a ramin Akokan. A can ya koyi abin da ya riƙa maimaita mana har muka gaji da ji, wai iska tana da nauyi, tana danne mutum a ƙasan rami, tana sauƙi a kan dutse. Da farashin uraniyom ya faɗi aka rage ma'aikata, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya fito da abu biyu: tarin da bai sake rabuwa da shi ba, da wani ma'auni na tagulla mai kama da agogon aljihu, mai allura ɗaya, wanda wani tsohon abokin aikinsa ya ba shi kyauta. Da shi ake auna nauyin iska. Da gangunan da aka fasa aka miƙe ya kafa rumfar garaji. Da ya ga ya zauna da gindinsa, ya aiko in taho, wai unguwarsu ta gina masallaci ba ta da liman.

Ba ya buɗe mota sai ya zaunar da mai ita. Zai ɗora shayi a kan gawayi, ya shiga tambaya kamar alƙali: "Yaushe ta fara? Da sanyin safiya ko rana ta take? A hawa ko a gangara? Da kaya ko babu?" Direbobi masu gaggawa sukan ce, "Tsoho, mota muka kawo, ba aure muka zo nema ba." Ya ce, "Da ka yi rabin tambayoyin nan kafin ka yi naka auren, da ba ka yini a tasha kana tsoron komawa gida." Sai a fashe da dariya, a kuma amsa masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Idan aka kira salla yakan goge hannunsa da yashi, ya bi da sabulu, amma baƙin mai ya riga ya zauna cikin layukan tafinsa da ƙarƙashin faratansa, ba ya fita. Sai ya zo ƙofar masallaci ya shimfiɗa mini hannayen ya ce, "Liman, fatawa nake nema. Alwalar mai wannan hannu ta yi kuwa?" In ce, "Ta yi, Yaya, launi ne, ba shamaki ba ne." Ya ce, "To, ka rubuta ka ajiye, kada gobe ka canja." Shekara da shekaru yana yi mini wannan tambaya, ya san amsarta sarai, tsokana ce kawai irin ta wa da ƙane.

Da sababbin motoci suka fara shigowa, masu ƙwaƙwalwar lantarki, waɗanda ba a gane ciwonsu da kunne kaɗai, sa'o'insa da yawa suka ajiye aiki suka ce zamani ya wuce su. Shi kuwa ya sa babban ɗansa ya sayo masa na'urar bincike daga Tamanrasat, irin wadda makanikai ke kira balis, wadda ake jonawa da mota ta rubuto lambar ciwon a ɗan allonta. Ya ɗaura tabaransa mai karyayyar ƙafa da zare, ya zauna yana haɗa baƙi da Faransancinsa na rami, da furfurarsa da komai. Amma bai taɓa sallama mata ba. Yakan ce, "Balis shaida ce, ba alƙali ba ce. Tana gaya maka inda ake kuka, ba ta gaya maka wanda ya yi dukan." Na ji wannan magana a bakinsa ya fi a ƙirga, ina ɗaukarta raha.

Yanzu ga abin da ya sa ni rubutu.

A shekarun tawaye na biyu, lokacin da ake binne nakiya a hanyoyi, surukina yana tuƙa wata sabuwar kat-kat, motar nan mai hawan dutse, ta ƙungiyar masu lambu na kan duwatsun Abzin. Hanyar dutse ta rufu, sai Arlit zuwa Agadas kaɗai yake yi, cikin ayari da rakiya. Ƴata ta zo mini da hawaye ta ce in rubuta masa tsari. Na yi alwala na rubuta ayoyin kiyayewa, aka kai wa wata maƙeriya mai aikin fata ta ɗinke su cikin jar fata. Da aka zo sawa, ni da kaina na ce ba za a rataya a madubi ba, inda kowane hannu ke taɓawa, ba kuma za a sa ƙasa ba, inda ƙafa ke takawa. Na sa surukina ya ɗaga murfin injin, na duba na zaɓi wuri mai tsabta can sama. Ya shafa gam ya manna layar, ya naɗe da baƙar roba. Muka yi addu'a muka shafa. Na koma gida da sanyin zuciya, kwanaki suka wuce, na manta.

Tawaye ya lafa, bai dai mutu ba, sai ga fari. Damina ta gaza, rijiyoyin lambu suka janye, awaki suka yi ta faɗuwa. Mutanen dutse da suka saba sauko mana da albasa da rumman, yanzu gero suke jira a hau musu da shi. Aka buɗe hanyar, surukina ya fara hawa da buhuna. Nan ne abin ya ɓullo. A cikin gari mota lafiya lau. Da ta kama hawa sai baƙin hayaƙi, sai wata fitila rawaya ta kunnu a gaban direba, ƙarfin motar ya mutu ta dinga jan ciki. Gazuwal ɗin, wato man dizal, da aka auna masa na zuwa da dawowa sai ya ƙare a hanya. Sau biyu gero yana kwana a daji, mutane suna jira da yunwa. Da ta sauko kuma fitilar ta mutu, kamar ba a yi ba. Makanikai uku suka duba ta: ɗaya ya canja matacin mai, ɗaya ya wanke tanki, ɗaya ya kwance bakunan feshin mai ya goge. Kowannensu ya zaga gari da ita ya dawo ya ce babu abin da ke damunta.

Da aka wanke ƙarfe, sai zato ya koma kan mutum. Aka fara cewa yana sayar da gazuwal a hanya ya cika da kananzir. Sa'an nan aka yi tambayar da ta fi muni: wa yake sayar wa a cikin duwatsu? Kowa ya san waɗanda suka rage a can da bindiga. Mutumin Abzin a wannan zamani, idan aka ce yana kai wa ƴan tawaye mai, ba korar aiki kaɗai ke jiransa ba. Mun san waɗanda aka tafi da su a kan abin da bai kai haka ba, waɗansu sun dawo, waɗansu har yau ana jiransu.

Dattawan ƙungiya suka zo zaurena. Suka ce saboda mutuncina ba za su kai magana gaba ba tukuna. Ranar Juma'a bayan salla surukina ya dafa Littafin Allah a gaban jama'a ya rantse, in ya ƙi, ya ajiye mabuɗi su sanar da hukuma, domin su ma suna tsoron a ce da su ake yi. Na amince. Na kira shi na faɗa masa. Ya ce, "Baba, ban saci ko ɗigo ba. Amma mahaifiyata ta karɓi alkawarina tun ina saurayi, ba zan dafa Littafi a kan abin duniya ba." Na ce, "Mai gaskiya ba ya tsoron rantsuwa." Gaskiyar da zan faɗa a nan ita ce, tun kafin ya buɗe baki na riga na yanke masa hukunci a zuciyata, ƙin rantsuwar ya ƙara mini tabbaci ne kawai.

Ban gaya wa wana ba, don ina jin kunyar abin. Ƴata ce ta je wurin baffanta. Ranar Laraba bayan azahar, ina tashi daga karantar da dattawan unguwa, wana ya shigo zauren da rigar aiki, yana haki. Na nuna masa buzu, bai zauna ba.

Ya ce, "Liman, an ce jibi za ka rantsar da mijin ƴar nan."

Na ce, "Dattawa suka nema, Yaya."

Ya ce, "Ka tambayi motar?"

Na ce, "Mota ba ta ba da shaida a shari'a."

Ya ce, "Ita kaɗai ta je wurin tare da shi. Kai ka je? Dattawan sun je?"

Na ce, "Makanikai uku sun duba ta."

Ya ce, "Sun duba ta a inda ba ta ciwo. In mutum ya ce maka ƙirjinsa na ciwo idan yana hawan tudu, sai ka kwantar da shi a tabarma ka ce ƙarya yake?"

Raina ya ɓaci, domin akwai sauran mutane a bakin zaure suna ji. Na ce ban taɓa zuwa garajinsa in koya masa ɗaure noti ba, ya bar mini abin da na yi shekara arba'in ina karantawa. Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa hannun da bai rabu da baƙin mai ba, ba shi ne zai nuna mini layi a littafi ba.

Ya ɗaga hannayensa ya dube su, ya juya bayansu ya sake duba. Ya ce, "Gaskiya ne, ban yi karatu ba. Amma a zauren nan na ji kana koya wa mutane cewa mai tuhuma shi ke kawo hujja. Ni ban ga hujja ba, hayaƙi na ji ana faɗa. Ka ba ni gobe." Ya fita. Daga wannan rana bai ƙara shimfiɗa mini hannunsa a ƙofar masallaci yana neman fatawa ba.

Ranar Alhamis bayan asuba wana da surukina suka tafi su biyu da buhunan gero, matarsa tana roƙonsa ya bari saboda ƙirjinsa. Ranar Juma'a, ana ta taruwa, motar ta tsaya a ƙofar masallaci. Wana ya sauko da ƙyar, ya jingina da ƙofarta, ya kira dattawan. Ya ce, "Direbanku ba shi da laifi. A cikin motar nan akwai ƴar na'ura mai auna nauyin iska. Ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko a ƙasa take ko a kan dutse, don ta san yawan man da za ta zuba. Tana da ƴar ƙofa da take jin iskar waje ta ciki. Ƙofar ce ta toshe. Mota tana kan dutse, tana tsammani a Arlit take, tana zuba man da iskar can ba ta iya ƙonawa. Shi ne hayaƙin, nan ne gazuwal ɗinku yake tafiya. Da ƙwaƙwalwar ta ga lissafinta ya saɓa, sai ta kunna fitila ta rage ƙarfi." Ya sa sanda a tanki ya nuna musu abin da ya rage bayan zuwa da dawowa. Wani dattijo ya ce, "To, me ya toshe ta?" Wana ya ce, "Abin da aka sa don kariya ne. Na gusar da shi." Kowa ya ɗauka robar nan ce da ake naɗe wayoyi da ita saboda ƙura. Ni ma haka na ɗauka.

Dattawa suka ba surukina haƙuri, ɗaya har ya rungume shi. Ni kuwa na ce alhamdu lillahi, na shiga na hau mumbari. Ban ba shi haƙuri ba, na fake da kunyar surukuta. Ban ba wana haƙuri ba, shi kam ba ni da abin fakewa sai girman kai. Muka ci gaba da gaisawa, muna cin tuwon salla a akushi ɗaya, amma wani abu ya zauna tsakaninmu, ni na ajiye shi, ni kuma na ƙi ɗaukewa.

A jinyarsa ta ƙarshe ya yi watanni bai taɓa ƙarfe ba. Na je wata ranar da la'asar, na same shi jingine da matasai, numfashi yana yi masa wuya. Ya miƙo mini tafinsa, ya yi fes, baƙin ya fita duka. Ya ce, "Liman, dubi. Yau dai alwalata ta yi." Na yi dariya, hawaye suka biyo. Na so in ambaci maganar zaure da sunanta, amma sai na ce abin da kowa ke cewa, "Yaya, a yafi juna." Ya ce, "Ni tun a kan dutse na yafe." Ban gane wane dutse ba. Na ɗauka zafin ciwo ne.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, surukina ya matso ya durƙusa ya ce, "Baba, ina son ka ga wani abu." Ya kai ni bayan garaji inda ya ajiye kat-kat ɗin, ta tsufa yanzu, fentinta ya koɗe. Ya ɗaga murfin injin. Ga layata nan, jar fatar ta koma baƙa, an ɗaure ta da waya a jikin ƙarfe. Tazarar taƙi ɗaya daga gare ta, ga wani ɗan baƙin akwati kamar na ashana, da busasshen tabon gam a jikinsa. Sa'an nan ya ba ni labarin ranar Alhamis.

Ya ce tun kafin su tashi wana ya jona balis, ya murɗa mabuɗi bai tayar da injin ba. Ta rubuto lambar ciwo, ta ce ma'aunin iska ne. Wana ya ce, "Mun ji shaida. Da wani ne da ya ce a sayo sabo." Ya gwada wutar da ke isa ga na'urar daga inda wayoyin suka taso, ya ga daidai take, babu tsatsa, ɓera bai ci ba. Ya ciro ma'auninsa na tagulla ya ɗora a cinya, ya gwama da lambar da balis ke nunawa, suka zo ɗaya. Ya ce, "A nan gaskiya take faɗa. Mu je inda take ƙarya." Suka kama hanya. Duk tudun da suka hau sai ya ce a tsaya. Allurar tagulla tana sauka, tana sauka, lambar balis kuwa ta tsaya cik kamar an kafe ta da ƙusa. Da suka kai babban hawan nan na kusa da lambuna, hayaƙi ya turnuƙe, fitila ta kunnu. Ya ce, "Na'urar ba ta mutu ba. An rufe mata hanci ne."

Suka ɗaga murfi, ya bi wayar da yatsa har ta kai shi ga layar. Surukina ya ce bai san lokacin da ya riƙe masa hannu ba, ya ce, "Baba, ba a taɓawa, ta Liman ce." Ashe makanikan nan uku duk sun gan ta, kowa ya kewaye ta don girmamawa, ɗaya ma har ya shafa ta ya shafa goshinsa. Wana ya daɗe a tsaye yana kallonta. Ya ce, "Wa ya zaɓi wurin?" Surukina ya ce, "Shi da kansa." Sai ya sa aka sauko da ruwan shansu, ya wanke hannunsa da sabulu sau uku, ya yi alwala, ya yi bisimilla, ya warware robar. Ya ɗago layar da hannu biyu ya ba surukina ya riƙe. Gam ya bushe a bakin ƴar ƙofar. Surukina ya miƙo ƙaya, wana ya ce a'a, abin da ke ciki ya fi fatar ido laushi. Da farcensa ya yi ta ɓanɓarowa a hankali har ɓawon ya fito. Nan take lambar balis ta gangaro ta tarar da allurar tagulla. Ya share lambar ciwon, suka tayar, motar ta haye sauran dutsen da gerenta babu ko tari. Kafin su tashi ya ɗaure layar a sabon wuri ya ce, "Ayar Allah ba ta toshe komai ba. Fata ce da gam."

Ina tsaye ina jin wannan, sai ranar ta dawo mini sarai. Na tuna ɗan akwatin, na tuna na ga ƴar ƙofar kamar ta allura, na tuna da bakina na ce, "Ya ma fi, a rufe ta kada ƙura ta shiga."

Surukina ya ce a kan dutsen nan wana ya zauna a kan buhu, yana tari har ya ga jini a gefen rawaninsa, ya ce masa, "Ƙanena liman ne. In aka ji a tasha cewa layarsa ce ta kusa sa a tafi da surukinsa, za a mayar da shi abin hira, masu bakin banza kuma ba a kansa za su tsaya ba, har ayoyin za su taɓa. Shi kansa na san shi, ba zai yafe wa kansa ba. An zalunce ka, na sani, amma ina roƙonka ka bar maganar nan sai na mutu. In ka iya, bayan nan ma ka bar ta."

Na ce, "To, me ya sa ka faɗa yanzu?"

Ya ce, "Ka ce mini kada in wuce iyaka, Baba. Ina so ka san wanda nake yi wa kukan."

Na koma wurin zaman makoki, mutane ba su watse ba. Na tsaya a tsakiyar tabarmi, na faɗi labarin tun daga rubutun layar har maganar da na yi a zaure, ban rage komai ba. Sa'an nan na juya ga surukina, a gaban dattawan ƙungiya da direbobi da mai walda, na ce, "Na zalunce ka sau biyu, da hannuna da zatona. Ka yafe mini don Allah." Ya rufe fuskarsa da rawani ya ce, "Baba, tashi, don Allah tashi," domin ban san na durƙusa ba. Babu wanda ya yi dariya. Abin da wana ya ji mini tsoro bai faru ba, ko kuwa albarkacinsa ne ya hana, Allah ne masani.

Da yamma matarsa ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Malam, na ji abin da ka faɗa. Da ya dawo daga dutsen nan kwana goma ya yi a kwance, daga nan ne ƙirjin bai sake komawa daidai ba. Na yi masa faɗa, na ce me ya kai ka, motar ƙungiya ce, ba taka ba. Ya ce mini, 'Ƙanena na je in hana zalunci.'" Sai a lokacin ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata. Ta miƙo mini ma'aunin tagulla a cikin tsumma, ta ce ya bar wasiyya a ba ni.

Yana nan a zaurena, a kan littattafan da na yi masa gori da su. Ban iya karanta lambobinsa ba. Amma duk wanda ya shigo yanzu da ƙarar ɗan'uwansa, sai na dubi allurar nan, in sa a ɗora shayi, in fara tambaya: yaushe abin ya fara, a ina, wa ya je ya gani. Surukina ya samu haƙurin da ya makara. Wana kuwa, wanda ya fi kowa cancanta, sai dai in aika masa da addu'a, hannun da na raina ya riga ya shiga ƙasa, kuma ina shaida ya fi nawa tsarki.

Ya Allah, ka jiƙan wana, ka yalwata masa kabarinsa, ka shigar masa da iskar Aljanna, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tura wa bayinka iska a ƙarƙashin ƙasa. Ka suturta shi ranar tonon asiri kamar yadda ya suturta ni. Ka ba matarsa da ƴaƴansa haƙuri, ka saukar mana da ruwa mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu lafiya. Kai kuma da ka karanta wannan, Allah ya tsare ka daga yanke hukunci a kan zato, ya ba ka ikon neman gafarar ɗan'uwanka tun yana ji, ya sa albarka a gidanka da iyalinka da sana'ar hannunka, ya dawo da matafiyanku lafiya. Amin.